Giwan Ruwa a Kan Mumbari

Akwai wani wa'azi da kusan kowane mai bishara a Birnin Kebbi da Argungu ya taɓa ji. Ana karanta Markus 1:16-20, inda Ubangiji Yesu ya kira masunta huɗu domin ya mai da su masu kamun mutane. Sai mai wa'azi ya rufe Littafi Mai Tsarki, ya kai jama'a bakin Matan Fada: an buga bindiga, dubban masunta sun auka cikin ruwa da homa da gora, wanda ya fito da giwan ruwa mafi nauyi shi ke da kyauta. Daga nan sai tambaya: kai fa, wane kifi za ka kawo wa Ubangiji?

Misalin yana da daɗin ji, ba mai gyangyaɗi a lokacin. Amma mu gwada shi da nassin da aka ce yana bayyanawa.

Bikin Argungu gasa ce, kowa ta kansa yake yi, kuma ma'auni ne alƙali. Sūn da ake yi a Tekun Galili kuwa sana'ar neman abinci ce, ta haɗin gwiwa. A Luka 5, Bitrus ya kwana yana wahala bai kama kome ba, da taru ya cika kuma sai da ya yafato abokan aikinsa na ɗaya jirgin. 'Ya'yan Zabadi ma ba a tsakiyar kamu aka kira su ba, suna zaune suna gyaran taru ne. Da wuya a ji an yi wa'azi a kan wannan gyaran, alhali shi ne rabin aikin fasto: ziyarar marar lafiya, sulhunta miji da mata, bin sawun wanda ya daina zuwa sujada.

Babbar illar misalin tana wajen girman kifi. Idan babban kifi ne abin yabo, to, ikkilisiya ta sami hujjar abin da dama take so. Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991, ma'aikata daga ƙasar Zuru da Yawuri da kudancin Nijeriya suka cika majami'unmu. Mun san yadda ake rububin darakta ko ɗan kwangila idan an yi masa canjin wurin aiki zuwa garin, a ba shi kujerar gaba tun ba a san halinsa ba, mai tura baro kuwa ya shekara ba wanda ya san inda yake kwana. Yakubu 2:1-4 ya riga ya yi wa wannan hali hukunci. Sau da yawa ma kifin nan daga tafkin maƙwabciyar ikkilisiya aka tsamo shi, sa'an nan a rubuta shi cikin rahoton shekara da sunan girma.

Wani zai ce ai kifaye 153 na Yohanna 21:11 manya ne. Gaskiya ne. Amma abin da marubucin ya tsaya a kai shi ne tarun bai kece ba. A Matiyu 13:47-50 kuma taru yana kwaso kowane iri, tantancewa ta mala'iku ce a ƙarshen zamani, ba ta dattawan ikkilisiya ba.

Ga kuma maganar kamun kanta. Kifin da aka ɗora a ma'auni ya gama rayuwa. Kalmar Helenanci da ke Luka 5:10 kuwa tana nufin kamawa da rai. Misalin da ya ƙare da gawa a gaban rumfar manyan baƙi ya juya ayar a baibai.

Abin takaici, bikin yana da darasin da ya fi wannan, masu wa'azi suna tsallake shi. Asalinsa ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu ce a 1934, bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Wato bikin sulhu ne. Wanda yake son kai jama'a Matan Fada, 2 Korintiyawa 5:18-20 ta fi Markus 1 dacewa da tafiyar. Mu tuna kuma lasifikar majami'a ba ta tsayawa a bakin katanga. Masuncin da ke wancan gefen Bakabe ne, Musulmi, maƙwabcinmu, yana kuwa jin yadda muke kwatanta shi da abin da ke cikin homarsa.