Waƙoƙin Malam Abdullahi na Gwandu

Ya ku 'yan makaranta, kowa ya san Shehu Usmanu, amma kaɗan ne cikinku su ke kula da ƙanensa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Shi ya ja rundunar Shehu a Tabkin Kwatto cikin 1804, inda aka kori Yunfa Sarkin Gobir. A 1813 kuwa ya tara waƙoƙinsa na Larabci cikin littafin nan Tazyinul Waraƙati.

Waƙoƙin nasara suna da armashi, sai dai a ganina ya cika loda musu kalmomin Larabawan dauri, har almajiri ya kan gaji da tambayar malam kafin ya kai ƙarshen baiti. Inda ya fi ƙarfi shi ne inda ransa ya ɓaci. Wajen 1807, da ya ga son dukiya da sarauta ya shiga jama'arsu, sai ya bar yaƙi ya nufi Makka. Kanawa suka tsai da shi, ya yi musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, kana ya koma gida. Cikin waƙarsa ta wannan lokaci za ku ji muryar mutumin da abokansa suka ƙare a Tsuntsuwa da Alwasa.

Da Shehu ya rasu a 1817, ɗansa Bello aka naɗa, ba Abdullahi ba, sai a yaƙin Kalambaina suka shirya. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta fi baffanta kusa da mu, don ta yi waƙa da Hausa, wadda matar manomi a Ɗambatta za ta iya haddacewa tana daka.