Hatsi a Matamaye: Sharhi kan Ra'in Rukuni da Ƙa'idar Fassara

Tun daga 1973 Eleanor Rosch ta riƙa nuna cewa ɗan Adam ba ya kasa abubuwa rukuni-rukuni bisa iyakoki tsayayyu. Kowane rukuni yana da cibiya, watau abin da ke fara faɗo wa mai magana a rai, sauran kuwa suna gefe, wani kusa wani nesa. Masu nazarin fassara sun ari wannan ra'i. A ganinmu yana da amfani ga ma'aikatan yaƙi da jahilci, amma in an ɗauke shi da hattara.

Mu ɗauki kalmar hatsi. A Kano ta game dawa da gero da maiwa. A Matamaye, cikin ƙasar Damagaram, in manomi ya ce hatsinsa ya nuna, gero yake nufi. Dawa sai an ambaci sunanta. Rukunin ɗaya ne, cibiyar ce ta bambanta. Faransanci kuma ya zo da nasa rabon: a rubuce-rubucen zamanin mulkin mallaka "mil" kan haɗa gero, "petit mil", da dawa, "gros mil". To, mai fassara takardar gargaɗin manoma da ya ga "mil" ya rubuta hatsi, ƙamus ba zai ƙaryata shi ba. Sai dai ba a san gonar da shawarar za ta sauka ba, alhali gero na riga dawa nuna, kuma jigawar da ta ishe shi ba lallai ta ishe ta ba. Kuskure a nan na iya cin damina guda.

Haka "champ". Gona ce, amma gandu ne ko gamana, ko kuwa fadamar da ake rake? Bambancin ya shafi mai aikin da mai amfanin, kuma mata da samari su ya fi shafa.

Saboda haka tsohuwar ƙa'idar kalma a madadin kalma ba ta wadatar ba. Tarurrukan Bamako na 1966 da Yamai na 1980 sun daidaita rubutu, ba su daidaita ma'ana ba, kuma dama ba aikinsu ba ne.

Inda muke ja da masu ra'in shi ne yadda suke ɗaukar cibiya tamkar kayan harshe dungurungum. Rosch ta gina gwajinta na 1975 kan amsoshin ɗaliban jami'a a Amurka. Cibiyarsu ta wurinsu ce. Misalin hatsi ya nuna cewa cikin Hausa ɗaya ma cibiya na bin abin da ƙasa ke bayarwa. Don haka kafin a buga littafin da za a karanta a Kance da Daura duka, a tambayi ɗaliban ajin manya na kowane wuri abin da suka ji a kalmar. Inda amsa ta rabu, a rubuta gero ko dawa ƙarara.