Tsokaci Kan Tsofaffin Finafinai Uku da Suka Cancanci a Sake Haska su a Garwa

A shekarar 2009 aka rufe gidajen sinima uku da suka rage a ƙasar Kamaru, wato na Yawunde da Duwala da Bafusam. Saboda haka matashin Garwa ya fi sanin finafinan Kano da na Indiya a faifai da waya, bai san waɗanda suka gabace su ba. Idan har za a shirya makon haska tsofaffin finafinai a garin, wanda ya kamata ɗalibin Hausa ya fara nema shi ne Shaihu Umar.

Adamu Halilu, haifaffen Garkiɗa a ƙasar Adamawa, shi ya shirya fim ɗin a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Daga nan ya ɓace wa masu kallo shekaru da dama, sai da aka gyara shi aka haska a Balin a 2018. Ƙarfinsa yana cikin harshensa. Malami ne zaune gaban almajiransa yana ba da labarin yadda aka sace shi yana yaro, aka ƙetara da shi Sahara, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Mai nazarin harshe zai ji gaisuwar fada da ladabin almajirci da tsararriyar Hausa wadda ba ta da gaurayen Turanci. Sai dai fim ɗin ya gaji raunin littafin: ubangidan Umar, Abdulkarim, mutumin kirki ne ƙwarai, har alherinsa yakan rufe munin cinikin da ya kai yaron hannunsa. A yankin da tarihin bauta bai yi nisa ba, wannan abin tattaunawa ne bayan an kunna fitila.

Ya dace a biyo shi da Chocolat (1988) na Claire Denis, Bafaranshiyar da ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a Kamaru. Labarin yana faruwa ne a Mindif, kusa da Marwa, a ƙarshen mulkin mallaka. Hoton dutsen Mindif da fadin ƙasar ya yi kyau matuƙa, amma mutanen wurin kusan ba su da baki. Hatta baran gidan, Protée, wanda fim ɗin ya rataya a wuyansa, ɗan wasa daga Kwaddibuwa ne ya fito a matsayinsa, kuma shirunsa ya fi maganarsa yawa. Jera su biyun zai nuna wa ɗalibi bambancin fim da aka yi a kan mutane da wanda mutanen suka yi magana a cikinsa.

Na uku, Muna Moto (1975) na Dikongué-Pipa, daga kudu ya fito, shi ya ci babbar kyautar FESPACO a 1976. Jigonsa tsadar sadaki ne, da yadda kawu mai kuɗi ya aure budurwar ɗansa. Wannan ba ya buƙatar tafinta a Garwa.