4.3 Sharhi a Kan Tallafin Gwamnati ga Masu Kiwon Kifi a Yankin Rurum

Kamar yadda aka yi bayani a babi na uku, Rurum Tsohon Gari tana cikin ƙaramar hukumar Rano, kusa da madatsar ruwa ta Tiga wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Saboda haka ruwa ba shi ne matsalar yankin ba. Abin tambaya a nan shi ne, shin tallafin da gwamnatoci suka yi ta bayarwa ya mayar da kiwon kifi sana'a mai tsayawa da ƙafarta?

Da farko ya kamata a bambanta su da kiwo. Masunci yana kama abin da Allah ya ciyar a cikin ruwa, jarinsa kwalekwale da koma. Shi kuwa mai kiwo, sai ya sayi 'ya'yan tarwaɗa, ya ciyar da su kullum har wata biyar ko shida kafin ya ga ko kwabo. A nan gizo ke saƙar, domin abincin kifi kaɗai yakan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa.

Idan aka auna shirye-shiryen gwamnati da wannan ma'auni, za a ga sun fi ƙarfi a ranar farawa. Shirin rangwamen kayan noma da Akinwumi Adesina ya ɓullo da shi a 2012 ya haɗa da masu kiwon kifi daga baya, inda aka riƙa ba su iri da 'yan buhunan abinci. Wannan abin yabo ne, don ya jawo matasa cikin sana'ar. Sai dai buhunan sukan ƙare tun kifi bai kai sayarwa ba. Daga nan mai kiwo ko dai ya koma ba su dusa, su tsumbure, ko ya sayar wa dillali da araha.

Haka kuma bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya, wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, ya gindaya sharuɗɗan shiga ƙungiya da buɗe asusun banki. Waɗannan sun fi sauƙi ga ɗan birni mai ilimin boko a kan ɗan ƙauyen da ruwan yake a ƙofar gidansa. Bugu da ƙari, janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023 sun tsadantar da abincin kifi da man injin ban ruwa a lokaci guda.

Bisa ga haka, wannan nazari yana ganin tallafin ya yi nasara wajen fara kiwo, amma ya gaza wajen ɗorewarsa. Bai kamata a auna nasara da yawan irin da aka raba ba, sai da yawan kududdufan da aka sake zuba wa kifi karo na biyu da na uku. Da an sa kuɗin a ƙananan injunan haɗa abincin kifi daga masara da waken suya da ake nomawa a ƙasar Rano da Kibiya, tare da gidajen banda don kada kifi ya lalace, da amfanin ya fi daɗewa.