Ramuwa da Gatse a cikin Jiki Magayi

A cikin littattafan ƙagaggun labarai na farko da Hukumar Talifi ta Zariya ta buga a shekarun 1930, Jiki Magayi ya fita daban. John Tafida, mutumin Wusasa inda mishan ta CMS take, shi ya rubuta shi tare da Rupert East. Ruwan Bagaja yana ba da dariya, Ganɗoki yana kirarin jaruntaka, amma wannan littafi ramuwa ce tun daga farkonsa.

Labarin ba baƙo ba ne ga mai karatu, ko a Zariya yake ko a Garwa. Abubakar yana son Zainabu, ita ma tana sonsa. Sai Malam Shaihu, attajiri wanda bai taɓa samun haihuwa ba, ya shiga tsakani da dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya bar gida, ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi, ya sha wuya ƙwarai kafin ya samu.

A nan ne marubutan suka yi abin da ya sa littafin bai tsufa ba. Abubakar bai taɓa jikin Malam Shaihu ba. Ɗan da Zainabu ta haifa masa, wanda aka yi shekaru ana roƙo, shi aka yi wa sammu. Sunan yaron Kyauta. Ya tashi ɓarawo, ya jawo wa gidan kunya, daga baya kuma ubansa ya mutu a hannunsa bai sani ba. Abin da attajirin ya ƙwace matar wani domin ya samu, shi ne ya zama ajalinsa. Wannan shi ne gatse a labari: mai karatu yana jin sunan, yana kuma ganin yadda ya juye a baibai.

Irin wannan wasa da suna yana cikin wani gajeren labarin ban tsoro na Edgar Allan Poe, marubucin Amurka, The Cask of Amontillado, na 1846. Wanda za a hallaka sunansa Fortunato, wato mai sa'a. Montresor ya yaudare shi da ɗanɗanar ruwan inabi, ya kai shi kogon kaburbura a ƙarƙashin gidansa, yana ta nuna damuwa da tarin da yake yi, sa'an nan ya ɗaure shi da sarƙa, ya gina bango ya rufe shi da ransa. Bayan shekara 50 yake ba da labarin, ba wanda ya kama shi.

Amma akwai bambanci mai nauyi. Poe bai faɗi laifin Fortunato dalla-dalla ba, saboda haka mai karatu ba ya goyon bayan Montresor ko kaɗan. Tafida da East sun fi shi sa mutum cikin tsaka mai wuya, gama lalle an zalunci Abubakar. Mai karatu yakan bi shi cikin daji da tausayi, yana fatan ya yi nasara, sai ya farka ya ga nasarar ta sauka a kan jariri wanda ba a ko haife shi ba sa'ad da aka yi laifin. Wanda ya san gargaɗin Manzo Bulus a Romawa sura 12 game da ramuwa ba zai karanta wurin nan hankali kwance ba.

Rauni ɗaya dai yana nan. Zainabu, wadda aka raba ta da masoyinta, ta kuma ga lalacewar ɗanta da mutuwar mijinta, ba a ba ta fili sosai ta yi magana ba. Maza biyu ne suke faɗa, ita da ɗanta suke biya.