Butar Shayi Daga Sin Zuwa Damagaram

A ƙarshen shekarar 2022 kwamitin hukumar UNESCO mai kula da al'adun gado ya zauna a Rabat, babban birnin Maroko, ya shigar da al'adun shayi biyu cikin jerin abubuwan da ɗan Adam ke taƙama da su. Ɗaya ta ƙasar Sin ce, wato dabarun sarrafa ganyen da irin zamantakewar da ke tafiya da shansa. Ɗayar kuwa Turkiyya da Azarbaijan ne suka miƙa ta tare a takarda guda. Kafin wannan, a Disambar 2019, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Mayu ta zama ranar shayi ta duniya. Tun daga nan, duk inda jakadu suka taru aka ɗaga kofi, sai ka ji ana cewa shayi gada ce tsakanin ƙasashe. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai kowace gada baki biyu gare ta, don haka ya kamata a tambaya wa ke tsaye a wannan baki, wa ke wancan, me kuma ke tsallakawa.

Shayin da ya fi ba da amsa a wajenmu shi ne wanda mutanen Kano ke kira shayin Buzaye, wanda a Senegal da zangunan Gana ake ce wa ataya. Ganyensa kore ne, ba a nome shi a Afirka ta Yamma ba. Mafi yawansa daga gabashin ƙasar Sin yake fitowa, musamman lardin Zhejiang, inda ake murza shi ya dunƙule ƙanana-ƙanana ko ya lanƙwashe siri-siri. Wanda ya saba saye ya san lambobin da ke jikin kwalin, irin su 41022 da 3505, ya kuma san wanne ne ke jure tafasa uku. Maroko ce kan gaba a duniya wajen sayen koren shayin Sin, kuma ta nan ne ganyen ya fara shigowa wannan nahiya da ƙarfi. A ƙarni na 18 abin fada ne, kyautar da 'yan kasuwar Turai ke kai wa sarki da manyan attajirai. A tsakiyar ƙarni na 19 ya sauko kasuwa. Masu tarihi da dama suna danganta wannan da yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, lokacin da 'yan kasuwar Ingila suka rasa wasu kasuwanninsu, suka karkato da kayansu tashoshin Tanja da Sawira. Daga can raƙuma suka ɗauka, da shi da dunƙulen sukari, suka ratsa hamada zuwa Shingiɗi da Tambutu da Agadas.

Abin da mutanen hamada suka yi da ganyen shi ne abin nazari. Basine yana zuba wa korensa ruwan da bai kai ga tafasa ba, ya sha shi haka nan, ba sukari, don ya ji ɗanɗanon ganyen kansa. Buzu kuwa tafasa shi yake a ƙaramar buta bisa garwashi har ya yi ɗaci, ya zuba sukari da hannu sake, ya ɗaga butar sama ya tsiyaya cikin ɗan tambulan, ya mayar, ya sake tsiyayawa, har kumfa ta hau ta zauna. Ganye ɗaya ake dafawa sau uku: na fari mai ƙarfi da ɗaci, na biyu ya sassauto, wani lokaci da na'a-na'a, na uku ya yi zaƙi ya yi sauƙi har yaro ya iya kurɓa. Duk abin da mutum zai sha a zagayen nan uku bai cika kofin silba ɗaya ba, amma a yi sa'a biyu ba a tashi ba. Mutanen Muritaniya sun ce shayi ba ya cika sai da abu uku: jama'a, garwashi, da jan lokaci. Ka lura ganyen ma bai shiga lissafin ba. A ganina nan ne asirin yake. Kayan na wasu ne, tsarin zaman kuwa na mutanen Sahara ne, su suka ƙirƙire shi daidai da rayuwar da baƙo ke isowa daga nesa da labarin rijiya da kiwo da farashin gishiri, kuma ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya huta. Zagaye ukun nan su ne ke ba mai gida da baƙo damar auna juna a hankali. Wanda ya tashi bayan kofin farko ya faɗi wani abu ko da bai buɗe baki ba. Bahaushe ya san wannan tun kafin ya ga butar, shi ya sa ya ce zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi.

Ƙasar Hausa ta karɓi shayi ta hanya biyu, kuma har yau ana iya ganin sawun kowace. Akwai baƙin shayi wanda ya biyo Turawan Ingila ta teku, ya hau jirgin ƙasa da mota, ya sauka a teburin mai shayi. Can ne ake haɗa shi da madara da Bournvita ko Milo, a ce a yi shi da kauri, a yanko burodi a soya ƙwai. In aljihu ya yi sanyi a sha ruwan bunu. Wannan abinci ne, karin kumallon ɗan kasuwa da direba da lebura, ko da yake teburin kansa ya zama majalisar siyasa da ƙwallo. Sai kuma koren da ya gangaro ta Agadas da Tawa da Damagaram. Farin da aka yi a 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, ya hallaka dabbobin makiyaya masu yawa, ya koro dubban Buzaye kudu. Da yawansu suka kama aikin gadi a Kano da Kaduna har Legas. Mutumin da ya rasa garkensa ya zauna a ƙofar gidan wani, bai mallaki komai ba sai rawani da takobi da buta, amma in ka tsaya kusa da shi sai ya miƙo maka kofi. Samarin unguwa da dama a nan suka koyi ɗaga buta. Sannan suka yi abin da Bahaushe ya saba yi da duk abin da ya shigo hannunsa, suka ƙara masa citta da kanumfari da masoro.

Ba shayi ne ya fara wannan aiki a ƙasarmu ba. Goro ya riga shi da ƙarnuka, fatake suna kwaso shi daga Gwanja a kan jakuna, ya zama abin tarbar baƙo da ɗaurin aure da suna. Har gobe ba wanda ke kai shayi neman aure a maimakon goro. Goro ya riƙe al'amuran da ake ƙullawa a gaban shaidu, shayi ya kama sararin da ke tsakani, wato hirar da ba ta da ajanda.

Amma masu kiran shayi gadar zumunci sukan tsallake wani babi, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Ƙishirwar Ingila ga shayin Sin ce ta sa azurfarta ke kwarara gabas, sai 'yan kasuwarta suka nemi cike giɓin da sayar wa Sinawa ofiyam, ƙwaya mai bugarwa da ake nomawa a Indiya. Da hukumomin Sin suka hana, aka yi yaƙin 1839 zuwa 1842, wanda ya ƙare da miƙa tsibirin Hong Kong. A 1848 kamfanin Ingila mai mulkin Indiya ya tura wani masanin tsirrai, Robert Fortune, ya shiga Sin a ɓoye ya fito da iri da dabarun sarrafawa. Gonakin Assam sun bunƙasa ne da gumin leburorin da aka kwaso daga nesa aka ɗaure da yarjejeniyar da ba su da ikon warwarewa. Sukarin da Turai ta daɗe tana zubawa a kofinta kuwa bayin da aka kwashe daga Afirka ne suka noma rakensa. Yau Kenya na cikin manyan masu fitar da baƙin shayi a duniya, ana gwanjonsa a Mombasa, amma matar da ke tsinkar ganyen a Kericho ba ita ke yanke farashi ba. Mu ma muna da gonar shayi a tsaunin Mambila na jihar Taraba, Kamaru na da tata a Ndu, sai dai abin da muke sha ya ninka abin da muke nomawa nesa ba kusa ba. Manomin Zhejiang da saurayin da ke hura gawayi a Damagaram ba su san juna ba. Abin da ke tsakaninsu kwantena ce da dillali. Wannan ciniki ne, ciniki kuma ba laifi ba ne, amma kada a kira shi zumunci.

Gadar da na yarda da ita gajeriya ce, tsakanin maƙwabta take. Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Bafulatani da Babarbare suna iya zama kan tabarma ɗaya a Yamai, kowa ya san ƙa'ida ba tare da an fassara masa ba: wa ake fara miƙa wa, yaushe ake mayar da tambulan, me ya sa ba a gaggauta mai dafawa. Ɗan Maraɗi da ya sauka a Bamako ko Dakar ko unguwar Nima ta Accra zai ga butar nan ya gane inda zai zauna. Ko a 2023, da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, gwamnatoci ne suka juya wa juna baya. Mutanen Jibiya da na Ɗan Isa ba su canza yadda suke tarbar juna ba.

A Nijar zaman samari a kan shayi sunansa fada, kuma ya yaɗu ne tun shekarun 1990, lokacin da siyasar jam'iyyu ta buɗe bakin jama'a, aikin gwamnati kuma ya yi ƙaranci. Wata mai bincike, Adeline Masquelier, ta yi littafi sukutum a kansa a 2019. Dattawa da yawa suna kiransa zaman kashe wando, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, don akwai fadar da ta zama matattarar shaye-shaye da 'yan bangar siyasa. Sai dai wanda ya tsaya ya duba zai ga wani abu daban a mafi yawansu. Ana karo-karon kuɗin sukari da gawayi, ana tara gudummawa in ɗaya zai yi aure ko an yi masa rasuwa, ana gadin unguwa da dare, ana sanar da juna inda aiki ya fito. Saurayin da ba shi da albashi ba shi da ɗakin kansa, a fada ne kaɗai yake zama mai masaukin baƙi. Ina ganin zalunci ne a ɗora wa buta laifin rashin masana'anta. Aibin da na fi gani shi ne wurin maza ne kusan zalla. A Sudan, inda Hausawa ke da yawa, mata ne ke riƙe da sana'ar shayin bakin titi, har ɗaya daga cikin matan, Awadiya Mahmud, ta kafa musu ƙungiya ta kare su daga kamun 'yan sanda, aka karrama ta a Amurka a 2016. A wajenmu mace tana dafa shayi a cikin gida, amma muryarta ba ta isa majalisar da ake yanke maganar unguwa. Akwai kuma batun sukari, wanda likitoci ke ta jan kunne a kansa, masu fada kuma ba su cika son ji ba.

Ƙasashen wannan yanki sun taɓa haɗa takarda ga UNESCO a kan al'ada ɗaya. A 2013 Aljeriya da Mali da Nijar suka shigar da kiɗan imzad na matan Buzaye tare. A 2020 Aljeriya da Maroko, waɗanda iyakarsu ta ƙasa ke rufe tun 1994, suka sa hannu da Tunisiya da Muritaniya a kan kuskus. Shayin zagaye uku ya fi waɗannan duka faɗin ƙasa, daga bakin tekun Atalantika har Tafkin Cadi, kuma ya cancanci irin wannan haɗin kai. Aikin zai buƙaci a naɗi muryoyin tsofaffin madugai da masu gadi tun suna raye, a tattara waƙoƙin da malaman Muritaniya suka yi kan shayi da fatawoyin da suka bayar lokacin da ake gardamar halaccinsa, a kuma nemi jami'o'in Yamai da Damagaram da Kano da Sakkwato su raba aikin a tsakaninsu.