Samarin Fakku, Makaɗin Garinku Ma Ya Cancanci Kunne

Daga Tambuwal zuwa Kebbe har Fakku, wuya ka sami majalisar samari da ba a gardama kan mawaƙan Kano. Wannan na Hamisu Breaker ne, wancan na Ado Gwanja, wani kuwa kada ka kuskura ka taɓa masa Naziru Sarkin Waƙa ko Rarara. Sai dai in ka kasa kunne, kaɗan ne daga cikin gardamar ya shafi waƙa. Motar da gwani ya saya ake lissafi, da auren da ya yi, da wanda ya yi wa habaici a TikTok. Ra'ayina shi ne irin wannan so yana mayar da matashi ɗan kallo zalla, yana kuma toshe masa kunne daga makaɗin da ke bayan gidansu, alhali irin wannan makaɗin ne tushen duk abin da waƙar Hausa ke taƙama da shi.

Tarihin ƙasar Sakkwato da maƙwabtanta shaida ne. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, kuma a fadar Sarkin Gobir na Isa ya yi aikinsa, nesa da manyan birane. Ɗan Anace na Gandi a filin dambe ya yi suna, yana wasa ɗan dambe Shago. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, sai da ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Kurna kafin muryarsa ta kai ga Sardauna Ahmadu Bello. Gambu na Fagada, nan kusa da mu ta wajen Jega, ya ɗauki fannin da kowa ke ƙyama, waƙar ɓarayi, ya zuba mata azancin da har malaman jami'a suka yi ta nazari. Babu ɗayansu da ya fara da ɗaukaka. Kowane sai da ya yi shekaru a gaban ƙaramin taro da ya san shi, ya san ubansa, wanda ba ya jin nauyin watsewa in waƙa ba ta yi armashi ba.

Wannan makarantar tana nan da ranta, ko da ta raunana. A duba makaɗin dambe da kaka, bayan an cire amfanin gona. Kalangu na hammatarsa, yana matsa tsarkiya yana saki, sautin na hawa da sauka har ya faɗi sunan ɗan damben kafin baki ya faɗa. Kirarin nan take ake ƙera shi, domin makaɗin ya san wanda ya kashe wani bara, ya san garin da aka je aka sha kaye. In ya yi ƙarya, 'yan kallo za su gyara masa a wurin. Haka mai gangar noma a wajen gayya yake daidaita kiɗa da saran fartanya, haka mata suke shirya baiti a kan ƙwarya ranar biki. Waƙar situdiyo kuwa dole ta gamshi Kano da Kaduna da Maraɗi lokaci guda, shi ya sa take guje wa Sakkwatanci, take tsayawa kan soyayya da kiɗan fiyano da gyaran murya na kwamfuta. Abin da ya shafi mutumin Fakku shi kaɗai, damina da kasuwa da zaman ɗar-ɗar na rashin tsaro, sai ɗan gari ne zai iya sa shi cikin waƙa.

Wani zai ce ai bautar gwani ba yau ta fara ba, tunda Salihu Jankiɗi ma sarakuna ya yi wa waƙa, kuma iyayenmu sun haukace kan Mamman Shata har rasuwarsa a 1999. Gaskiya ne, amma akwai bambanci. Masoyin Shata haddace waƙa yake yi, ya warware maka zambo da habaicin da ke ciki, ya gaya maka inda 'yan amshi suka ƙara gishiri. Son aikin ne ya kai shi ga son mutumin. Yau lamarin ya juye, domin manhajar waya tana tura wa yaro abin da ya fi jan jama'a, kuma rigima ta fi baiti jan jama'a. Yaron da ya san kuɗin agogon mawaƙi amma bai iya rera waƙarsa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, bai ƙaru da komai ba sai kwaɗayi.

Wani kuma zai ce hassada ce kawai, tunda taurarin nan sun samar wa dubban matasa aiki, kuma ba kowane makaɗin ƙauye ne gwani ba. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya. Yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye gidaje a 2020, lokacin kullen korona, ya nuna akwai gwaninta a sabon salo, kuma rashin suna ba shaidar iyawa ba ne. Amma kasuwar da ba a kawo mata sabon kaya daga ƙauye, kwantai za ta yi ta juyawa. Idan kowane yaro mai murya a Kebbe ya ga cewa hanya ɗaya ita ce ya kwaikwayi wani na Kano, to Kano ɗin ma za ta wayi gari tana jin waƙa ɗaya da sunaye goma. Masu ƙyamar kiɗa don roƙo ko batsa su ma su lura cewa makaɗin gari shi ne wanda dattawa ke iya kira su tsawata masa. Wanda ke cikin waya ba mai iya ja masa kunne.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Wayar da ke kawo taurari tana iya naɗar makaɗin gari, kuma masu tura waƙa a kasuwa suna iya sa shi cikin katin da suke cika wa samari. Rediyon Rima da sashen koyar da Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su riƙa fita ƙauyuka suna ɗaukar masu rai, kada a tsaya kan faya-fayan mamata. Mai biki da ya ware kuɗin DJ ya ware na mai kalangu. Matashi kuma ya ci gaba da son gwaninsa, amma ya riƙa tambayar kansa wane baiti ne ya burge shi da dalilin da ya sa. Wanda ya saba da wannan tambayar zai gane gwani ko a ina ya ji shi.